Yadda nake haɗa ƙarar takun dabbobi a fim, daga doki har kaza

Kawuna ya yi shekara talatin da ɗoriya yana kula da dawaki a bargar wani hakimi, kuma shi ne ya fara kunyata ni a wannan sana'a. Mun gama wani fim na sarauta da ni na haɗa sautinsa, na ɗauki kwamfuta na kai masa har zaure don ya ga abin da ɗan ƙanwarsa yake yi a Kano. Aka zo wurin da barde ya shigo gari a kan doki ta wani lungu mai rairayi. Kawu ya karkata kunne, ya ce in mayar baya. Na mayar. Sai ya ce, "Kai yaro, dokin da nake ji daban, wanda nake gani daban. Na kunnena takalmin ƙarfe gare shi, a kan dutse yake tafiya, kuma ya fi wannan jiki." Gaskiyarsa. Daga intanet na sauke sautin, kuma da ji ka san a wani titin Turai mai shimfiɗar duwatsu aka ɗauke shi.

Tun daga ranar na daina saukewa, na koma haɗawa da hannuna. Ga yadda nake yi, ga wanda yake son gwadawa.

Masu harkar fim suna kiran wannan aiki Foley, sunan wani Ba'amurke ne, Jack Foley, wanda ya fara shi a kamfanin Universal a ƙarshen shekarun 1920, lokacin da fim ya fara magana. Yana kallon hoto a majigi yana yin takun da ƙarar tufafin daidai da motsin ɗan wasa. Har gobe haka ake yi. Dalilin kuwa a fili yake ga duk wanda ya taɓa zuwa wurin ɗaukar fim: makirufo yana saitin bakin jarumi, janareta na ruri a bayan katanga, darakta na ihu, yaran unguwa sun yi dafifi. Ita kuma dabba ba ta san a sake ba. In akuya ta wuce, ta wuce.

Kafin ka taɓa komai, kashe sautin fim ɗin gaba ɗaya ka kalli ƙafafun dabbar sau biyar ko shida. Ina nufin ƙafafun, don ido yana son gudu zuwa fuskar mahayi. Abu uku nake nema: me take takawa, nawa ne nauyinta, wace irin tafiya take yi. Na farkon ya fi sauran girma, domin kofato shi kaɗai kusan bebe ne, ƙasar da ya daka ce ke amsawa. Doki ɗaya zai ba ka murya biyar in ka bi da shi ta rairayi, marmara, kwalta, taɓo da karan dawa.

Saboda haka ƙasa nake fara tanada. A ɗakina na jera bulo a kan siminti na yi gurabe huɗu, kowanne kamar faɗin tabarmar sallah, zurfinsa ya ɗan haura taki ɗaya. Ɗaya rairayin rafi ne, ɗaya jar ƙasa mai marmara da na daddaɓe da taɓarya, ɗaya tsakuwa gauraye da turɓaya, na huɗun kuma nake canja masa kaya gwargwadon buƙata. A gefe akwai falan siminti ɗaya, tayil biyu da guntun kwanon rufi. Da farko akwatin katako na sa kafinta ya yi mini, na yi asarar kuɗina: duk abin da ka buga a ciki sai akwatin ya amsa kamar ganga, dokinka ya zama kamar yana sukuwa a kan gadar katako. In a bene kake, ka sauko ƙasa, don shi ma dakalin bene yana da wannan amon. Ka shimfiɗa tsohon bargo ƙarƙashin ƙasar kafin ka zuba, kuma kada ka yi rowar zurfi. In ƙasar ta yi ƙaranci, kowane bugu zai huda ta ya sami siminti.

Ka riƙa yayyafa ruwa kaɗan a kan rairayin. Busasshen rairayi sai "shuu" yake yi, ba nauyi. Mai ɗan danshi shi ke ba da "dif". Ruwan kuma yana kwantar da ƙura, wadda ba ta da kirki ga makirufo, balle ga ƙirjinka. Da hunturu ma takunkumi nake sawa.

Yanzu doki, wanda shi ne rabin aikin a finafinanmu.

Ƙoƙon kwakwa da ake cewa da shi ake kwaikwayon takun doki gaskiya ne, tun zamanin wasan kwaikwayon rediyo ake amfani da shi. Amma in ka fasa kwakwa ka ƙwanƙwasa ta haka nan, ƙarar wasan yara za ka samu. Ka je 'Yan Lemo ko duk inda ake sauke kwakwa a garinku, ka zaɓi tsohuwa mai kaurin ɓawo. Kada a fasa ta da adda. Ka kai wa kafinta ya raba ta biyu daidai da zarto, ka ƙwaƙule naman tas, ka shanya a inuwa kwana uku ko huɗu, don rana tana tsattsaga ta. Ka goge bakin da sanfefa har ya zauna daram a ƙasa. Sannan ka cusa tsumma ko soson katifa a cikin ramin. Wannan cusawar ita ce sirrin: ita ke kashe amon rami ta bar maka nauyin. Yawan tsumman ya danganta da dokin. Ingarma mai jiki, ka cika sosai. Ɗan dukushi, ka rage. A bayan ƙoƙon nakan huda wuri biyu in ɗaura robar tayar keke, in zura yatsuna ciki, don hannu ya sake ba sai na damƙe ba. Damƙaƙƙen hannu taku mai tauri yake bayarwa.

Dawakin da na yi aiki da hotunansu, akasarinsu ba su da takalmi. Don haka ina da ƙoƙo biyu da na liƙa wa siririyar fatar akuya a baki, su ne na yau da kullum. Akwai wasu biyun da na ɗaure wa guntayen ƙarfe, sai in na ga takalmi da idona a hoton nake ɗauko su, kamar dokin 'yan sanda a kan kwalta.

Duk wannan tanadi banza ne in ba ka san kiɗan tafiyar ba. Da gangan na ce kiɗa, don mai kalangu zai fi injiniya saurin koyon wannan aiki. Doki in yana tafiyarsa ta hankali, bugu huɗu ne a jere, tazararsu ɗaya: ƙafar baya ta hagu, ta gaba ta hagu, ta baya ta dama, ta gaba ta dama. In ya ɗaga zuwa sassarfa sai ya koma bugu biyu, domin ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu tare suke sauka, haka ma ɗaya ɓangaren. Sai dai "taren" ba cif ba ne. Akwai ɗan saɓani ƙanƙani tsakaninsu, kuma in ka sauke ƙoƙon biyu a lokaci guda cak, agogon bango za ka ji. Ka bar ɗaya ya riga ɗaya da ƙiris. Gudu matsakaici bugu uku ne sai ɗan shiru. Sukuwa sosai kuwa bugu huɗu ne da suke bin juna da sauri har kunne ya ji su kamar uku, sannan shiru.

Wannan shirun shi ne abin da sababbin shiga suke cinyewa. A 1878 wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori a gefen filin sukuwa a Kalifoniya ya nuna cewa akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu duk suke barin ƙasa, a naɗe ƙarƙashin cikinsa. A kunne, wannan lokacin shiru ne. In ka cike shi da bugu, dokin ya daina tashi, ya koma birgima. Ni da baki nake fara rera kiɗan, "ku-tu-tum... ku-tu-tum...", ina kallon hoton har bakina ya hau kan ƙafafun, sannan in miƙa wa hannu.

Hannu biyu gare ka, ƙafa huɗu gare shi. A tafiya da sassarfa hannu biyun sun isa. A sukuwa, musamman in kyamara ta matso kusa, sau biyu nake ɗauka: ƙafafun baya a layin sauti ɗaya, na gaba a wani layin, sannan in haɗa. Na bayan su ke tunkuɗa ƙasa, don haka nakan danna ƙoƙon in ja shi baya ya watsa rairayi. Na gaban su ke karɓar nauyi, wajen kashi 60 cikin 100 na jikin doki a kansu yake, don haka bugunsu ya fi zama. Kada kuma ka kifa ƙoƙon gaba ɗaya lokaci guda. Ka sauke gefen baya tukuna sannan na gaba, kamar yadda dunduniya ke riga yatsu. Zamiya, wato in mahayi ya ja linzami doki ya tirje a gaban sarki, ba a buga ta. Danna ƙoƙon biyu ake yi cikin tsakuwa a tura su gaba da ƙarfi, sannan a watsa ɗan dintsin ƙasa a kan buhu don jin saukar turɓaya.

Ko ka yi duk wannan daidai, za ka ji dokin tsirara yake. Abin da ya rage kayan jikinsa ne. Sirdi yana kuka, linzami yana ƙaras-ƙaras, likkafa tana bugun juna, in dokin hawa ne ga ƙararrawa da tarin kayan ado. Ina da tsohon linzami da na saya a Kasuwar Kurmi, da wata tsohuwar jakar fata da nake murɗawa ta ba ni kukan sirdi. Su ma a layinsu daban nake ɗauka, ina girgiza su daidai da tashi da saukar mahayi. Wani lokaci ma, in hoton daga ƙugu zuwa sama ne ba a ganin ƙafa, kayan nan sun fi kofaton gaya wa mai kallo cewa a kan doki ake.

In dawakin suna da yawa, kada ka yi doki ɗaya ka kwafe shi sau ashirin. Kunne yana gane maimaici nan take, kuma sautuka iri ɗaya in suka hau kan juna wani irin amo suke yi kamar cikin bututu. Ka yi wa dawaki biyu ko uku na gaba aiki na tsanaki, kowanne da ƙoƙonsa da kiɗansa. Sauran kuwa shimfiɗa suke buƙata, rugugi na gama-gari. Na taɓa ɗaukar rikoda zuwa Hawan Daushe da niyyar samo wannan rugugin, na dawo da kakaki, algaita, harbin 'yan bindiga da ihun jama'a, kofato ko ɗaya babu. Wanda nake amfani da shi yanzu da sassafe na ɗauke shi, kwanaki kafin sallah, lokacin da samari ke fitar da dawaki kilisa a bayan gari. Na kwantar da makirufo kusa da ƙasa, na ja gefe.

Jaki ba ƙaramin doki ba ne, kuma duk wanda ya tashi a karkara zai kama ka in ka mayar da shi haka. Kofatonsa ƙarami ne, a tsaye, takunsa gajere da sauri-sauri. Ƙananan ƙoƙunan duma nake amfani da su, irin na shan fura, a cusa musu tsumma. Ba sa jure duka, don haka ka sayi da yawa. Shi ma rabin muryarsa a kayansa take: mangala tana goga ciki, akumari yana motsi, in itace ya ɗauko ka ji reshe yana jan ƙasa.

Raƙumi ya fi ba ni wahala, kuma sai da na je kasuwar Maigatari wata Alhamis na tsaya ina kallonsu kafin na gane kuskurena. Raƙumi ba shi da kofato irin na doki. Tafi gare shi mai faɗi da taushi, da yatsu biyu, in ya taka sai tafin ya baje. Sannan ƙafafun gefe ɗaya kusan tare suke tafiya, dama da dama, hagu da hagu, shi ya sa mahayinsa ke rangaji. Abin da ya ba ni mamaki shi ne rashin ƙararsa. Dabba mai wannan girma ta wuce ka, abin da za ka ji bai fi "fuf... fuf" da ɗan jan rairayi ba. Da na dawo sai na cika safa biyu da gero, na naɗe kowacce da fata mai laushi, ina sauke su a hankali ina dannawa da nauyin kafaɗata, in ɗan murza kafin in ɗaga. Bugu biyu-biyu ne masu bin juna kusa da kusa, sannan tazara mai tsawo. Irin wannan dabarar ce ta giwa, in ka taɓa buƙata, don ita ma tafinta matashi ne. Abin da take karyawa a hanya shi ake ji.

Shanu, tumaki da awaki kofatonsu a rabe yake biyu, kuma rabon yana ba da ɗan "ƙas" na biyu bayan saukar ƙafa. Na shanu, na gaske nake amfani da shi: na roƙi wata mai sayar da farfesun ƙafar sa ta tara mini kofatan da take cirewa, na wanke na shanya. Ka shanya su sosai, nesa da ɗakin kwana, kada ka ce ban gaya maka ba. Biyu-biyu nake ɗaure su da zare sako-sako don su riƙa taɓa juna. Na akuya kuwa ƙodagon goruba ne, biyu a kowane hannu. Akuya ba ta tafiya a kan ƙa'ida. Taku uku, ta tsaya, ta yi tsalle, ta sake tsayawa. A nan ba kiɗan da zai cece ka, sai ka haddace hoton.

Kare da kyanwa sun bambanta a abu ɗaya da ya shafe mu: kare ba ya iya mayar da faratansa ciki, kyanwa tana iyawa. Don haka kare a kan tayil ko siminti "ƙyas-ƙyas-ƙyas" yake yi. Masu wannan aiki a waje suna liƙa ƙananan wayoyin maƙale takarda a yatsun safar hannu. Na gwada, ya yi, amma na fi jin daɗin farcen roba da mata ke sawa, wanda na liƙa a safar hannu ta ulu. Tsokar yatsa ta fara sauka, farcen ya biyo. A kan rairayi ka cire farcen, ba a jin sa. Kura ma haka faratanta suke, a waje, sai dai ƙafafunta na gaba sun fi na baya tsawo da ƙarfi, don haka nakan nauyaya hannu ɗaya in sassauta ɗaya, tafiyar ta fito da ɗan tangaɗi.

Kyanwa kuwa, gaskiyar magana, ba ta da ƙarar taku. Saɗaf-saɗaf take tafiya, ƙafar baya tana sauka a sawun ta gaba. Wani darakta ya taɓa matsa mini sai an ji takun mage a tsakar ɗaki, na yi masa, da ya ji da kunnensa ya ce in cire, don ta koma kamar ɗan yaro sanye da silifa. Abin da ake ba kyanwa shi ne saukarta daga katanga, wanda yatsu huɗu a kan matashi ke bayarwa, da kuma abin da ta taka: kwanon rufi ya ɗan yi ƙara, murfin tukunya ya motsa, busasshen ganye ya karye. Zaki ma kyanwa ne, sai dai ka ƙara masa nauyin dagi da tafin hannu cikin safa mai kauri.

Kaza da zabo: tsinken tsintsiyar kwakwa uku a ɗaure kamar yatsu, a kan turɓaya ko tabarma. Zabo ya fi sauri. Ba sai na tsawaita ba.

Wuri biyu ne gurabena ba sa wadatarwa. Taɓo: ka jiƙa tsofaffin jaridu ko tsumma a cikin baho har su yi laushi, ka nutsa dunƙulen hannu ka zaro. Ƙarar tana wurin zarowar. Ciyawa kuma: zaren tsohon kaset, a warware shi a dunƙule, ya fi ciyawar gaske kama da ciyawa a makirufo, kuma ba ya bushewa ya canja murya tsakanin ɗauka ta farko da ta goma. Kaset kuwa ba ya wuyar samu a garin nan. Gonar da aka girbe, karan dawa na gaske nake shimfiɗawa a kan jar ƙasa.

Batun ɗauka. Ni tsakanin ƙarfe ɗayan dare zuwa kafin kiran assalatu nake yi, lokacin da 'yan adaidaita sahu suka kwanta, zakaru ba su farka ba. Fanka a kashe, waya a waje, katifu biyu a jingine da bango, bargo a rataye a ƙofa. Ka cire shadda, don duk motsin da ka yi sai ta yi magana. Tsohuwar riga mai laushi ta auduga ta fi. Ka cire agogo da zobe. Ka ci abinci kafin ka fara, ba wasa nake ba, kukan ciki ya ɓata mini ɗauka mai kyau ba sau ɗaya ba. Numfashi ta baki a buɗe, a hankali.

Makirufo mai tsini irin na ɗaukar magana ya isa, ko ma na jikin ƙaramar rikoda irin Zoom in shi ke gare ka. Kada ka manna shi da ƙasa. Kamu biyu zuwa uku daga inda kake bugu, a ɗan karkace. In ya matso da yawa za ka ji ƙwayar rairayi ɗaya-ɗaya, abin da ba wanda yake ji a rayuwa. Ka saita rikodarka a 48 kHz da 24-bit, shi ne ma'aunin fim. Ka bar bugu mafi ƙarfi ya tsaya wajen -12 a ma'aunin desibel, domin taku sauti ne mai tashi farat ɗaya, in ya fashe kuma ba gyara. Manhaja ba ta da wani tasiri sosai. Audacity kyauta ce amma ba ta nuna hoto, don haka na fi son Reaper ko ɓangaren sauti na DaVinci Resolve, inda nake ganin dabbar a allo ina bin ta.

Kowane wuri sau uku ko huɗu nake ɗauka, in zaɓi wanda ya fi rai, ko da ya ɗan kauce. Kaucewa ana gyara ta da linzamin kwamfuta. A fim mai firam 25 a daƙiƙa, wato hotuna 25 ke wucewa a jere, kowane firam kashi ɗaya ne cikin 25 na daƙiƙa, kuma kuskuren firam biyu ana ganinsa a hoton kusa. In za ka yi kuskure, gara sautin ya makara da ya riga hoto. Kunnen ɗan Adam ya saba da makarar sauti, tunda a duniya ma haka yake: sauti yana tafiyar wajen mita 340 a daƙiƙa, dokin da ke nesa da kai da mita 100 sai bayan kusan sulusin daƙiƙa takunsa zai iso. Amma sauti ya riga ƙafa sauka, wannan kunne bai taɓa ji ba, kuma nan take yake tsarguwa. Sai dai kada ka bi kowane taku kana daidaita shi cif har ka kashe kiɗan. Na farko, na ƙarshe, da duk wanda ya fito fili a hoto, su nake matsawa. Sauran in bar su yadda hannu ya yi su.

Wajen haɗawa, taku mai kyau hawa uku gare shi: ƙasa-ƙasa akwai nauyi, tsakiya akwai bugun ƙoƙon, sama akwai watsin tsakuwa. In nauyin bai isa ba, nakan ƙara layi guda na dunƙulen hannu a kan katifa, in sa shi can ƙasa yadda ba za a ji shi a matsayin sauti daban ba. Kana iya kaurara sautin da manhaja don dabba ta ƙara girma, amma kaɗan. In ka zarce, sai ya zama kamar a cikin ruwa. Dabbar da ke nesa, rage ƙara kaɗai bai isa ba, sai ka rage kaifin saman, don nisa shi yake fara cinyewa. In a cikin soro ko lungu mai katanga ake, ka ƙara ɗan amsa-kuwwa gajere. A fili kuwa kada ka sa ko kaɗan.

Sannan ka saurara a waya. Mafi yawan masu kallonmu a waya suke kallo, kuma lasifikar waya ba ta fitar da wannan nauyin na ƙasa-ƙasa. Dokin da ya girgiza ɗakinka zai iya ɓacewa ɗungurungum a hannun mai kallo in duk ƙarfinsa a can ƙasa yake. Hawan tsakiya shi zai cece ka. Ina da ƙorafi a nan kan 'yan'uwana editoci: sai mutum ya kwana yana haɗa taku, a zo a kwarara kiɗa a kai tun daga farkon fim har ƙarshe. In mahayi yana tahowa cikin dare, a bar kofaton ya yi aikinsa na daƙiƙa goma, ya fi kowane kiɗan tsoro.

Ka ajiye duk abin da ka ɗauka da suna mai ma'ana: dabba, tafiya, ƙasa, nisa. "Doki sassarfa marmara kusa" zai yi maka amfani bayan shekara biyu. "Sabo na ƙarshe 3" ba zai yi ba.

Da na gama fim na gaba mai doki, na sake komawa zauren kawu. Wannan karon na juya masa bayan kwamfutar, na ce ya saurara kawai. Ya rufe ido. Ya ce rairayi ne, ba takalmi, kuma mahayin ba ya sauri. Har na fara murmushi sai ya ɗaga hannu. "Amma a duba masa ƙafar gaba ta hagu, yana ɗingishi." Na koma na duba zanen sautin a allo, sai ga shi kowane bugu na hannun hagu ya fi na dama rauni, ni kuwa ban taɓa ji ba. Bature ne ya ƙirƙiro sana'ar, amma wannan gyaran a barga na samo shi. Yanzu ƙoƙon hagu na fi cusa wa tsumma, har da 'yan tsakuwa a cikin tsumman don ya ƙara nauyi, kuma in tafiyar mai tsawo ce nakan musanya hannu a ɗauka ta biyu in haɗa su. Ranar da aka kawo mini hoton doki mai ɗingishin gaske, tsohon ƙoƙon na ɗauko.